Tashar Nguru: Me Ya Sa Dogo Ya Ƙare a Nan, Kuma Ina Jirgin Fasinja Ya Shiga?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ya tashi a Nguru ya rubuto cewa tun yana yaro yake ganin tashar jirgin ƙasan garinsu da tsofaffin taragai a ajiye, dattawa kuma ba su gajiya da labarin zamanin da jirgi ke shigowa maƙil da mutane. Yana son ya san yaushe aka kawo dogon, me ya hana shi zarcewa Gashuwa ko Maiduguri, yaya jirgin fasinja yake a da, kuma ko akwai sa ran ya dawo sosai.

Amsa:

Ɗan'uwa, bari in fara da maganar da ba lalle ta yi wa dattawan naku daɗi ba: ba don fasinja aka gina tashar Nguru ba. Don gyaɗa aka gina ta, da ƙirgi, da ƙaro, da shanu. Albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko, fasinja ya samu taragonsa a bayan taragan kaya. In ka riƙe wannan, sauran tambayoyinka za su warware da sauƙi, har da ta ƙarshen.

Jirgi ya iso Kano a 1911, ta hanyar da aka shimfiɗo daga Baro a bakin kogin Kwara, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Girouard. A 1912 aka haɗe ta da layin Legas a Minna. Turawa auduga suka sa a rai, don masaƙun Ingila na buƙatarta. Manoman ƙasar Kano da fatakensu kuwa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in farashi ya faɗi ana iya cinta, suka karkata gare ta. Cikin shekara biyu tashar Kano ta kasa kwashe abin da ake kawo mata.

Sai dai gyaɗa kaya ce mai nauyi da araha. Jaki ko raƙumi ko takarkari zai iya kawo ta Kano daga tafiyar kwana biyu ko uku a fita da riba, amma daga Haɗeja ko ƙasar Bade ko Manga kuɗin dako kan cinye ribar tun ba a hango ganuwar Kano ba. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Gwamna Graeme Thomson, aka miƙa rassa biyu zuwa inda kayan suke. Ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Ɗayan ya tashi daga Kano ya yi gabas maso arewa, aka kammala shi zuwa Nguru a 1930, tsawon mil 143, wato kilomita 230. Tagwaye ne. Kowanne ya ƙare a tsakiyar ƙasar noma da kiwo, kuma kowanne yana fuskantar iyakar ƙasar da Faransa ke mulka a lokacin. Wannan ba dace ba ne. Gyaɗa da dabbobi da kanwar ƙasar Damagaram da Gure ba su da wata hanya zuwa teku da ta fi dogon Nijeriya kusa, kuma masu reluwe sun san da haka.

Dubi inda layin ya bi: Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, sannan Nguru. Za ka lura ya rabu da kogin Haɗeja ya riƙe tudu ta arewacinsa. Garin Haɗeja, duk da sarauta da tarihi, dogo bai shige shi ba. A Malam Madori ya ajiye masa tasha. Gumel ma a Gagarawa take kama jirgi. Injiniya gada yake gudu, da fadama, da ƙasar da ruwa ke kwanciya a kai wata uku a shekara, don kowace gada na iya cin kuɗin mil da yawa na shimfiɗa a kan rairayi. Abin da ya biyo baya shi ne ƙauyukan da aka ajiye wa tasha suka zama garuruwan ciniki. Malam Madori ita ce babbar shaida.

Nguru kam ba baƙuwar tarihi ba ce. Can ne mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron yammacin daular, tun ƙarnoni kafin Bature ya zo, a ƙasar Mangawa. Amma garin da ka tashi a ciki, da kantuna da Sabon Gari da kwatas ɗin reluwe da unguwannin baƙi, jirgi ne ya haife shi. Daga 1930 har fiye da shekara talatin, Nguru ce kaɗai ƙofar dogo a duk Lardin Borno.

Me ya hana shi wucewa? Kuɗi. A watan Oktoba na 1929, ana tsakiyar aikin, kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, tattalin arzikin duniya ya bi ta. Farashin gyaɗa ya zube, kuɗin shigar gwamnatin mulkin mallaka ya ragu, aka daina zancen sabon layi. In ban da gadar Makurdi da aka gama a 1932, ba a sake wani babban aikin dogo a ƙasar ba sai bayan shekara kusan talatin, ga kuma Yaƙin Duniya na Biyu a tsakani.

Da zancen kai jirgi Maiduguri ya taso bayan yaƙi, an duba yiwuwar zarcewa daga Nguru, kuma a kan taswira ita ta fi kama da hanyar da ta dace: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba dutse, ba kwazazzabo. Amma aka zaɓi a taso daga Kuru kusa da Jos, a bi ta Bauchi da Gombe. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, aka fara aiki, jirgi ya shiga Bauchi a 1961, ya isa Maiduguri a 1964. Na san har yau akwai masu jin haushin wannan a arewacin Yobe, kuma ban ce ba su da hujja ba, don Gashuwa da Gaidam sun rasa abin da ba su sake samu ba. Amma in ka zauna a kujerar mai lissafi, da wuya ka ce an yi kuskure. Hanyar Bauchi da Gombe ta ratsa ƙasa mai jama'a da auduga wadda ba ta da dogo ko kaɗan, kuma ta tura kayan Borno zuwa Fatakwal, maimakon ta ƙara wa layin Kano da Legas nauyin da tuni ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma wani gefen da 'yan Nguru ba su cika dubawa ba. Tsayawar dogon ce arzikin garin. Tashar da jirgi ke ratsawa ya wuce, minti kaɗan take da shi. Tashar ƙarshe kuwa duk kayan gabas da na arewa dole a kawo mata, a sauke, a auna, a ajiye, a sake lodawa, kuma kowane mataki a nan abincin wani ne: ɗan dako, dillali, mai masauki, mai sikeli, maigadi, mai tuwo. Da layin ya zarce a 1931, da wannan hidima ta koma gaba, Nguru ta zama kamar Birniwa. Kuma da Maiduguri ta samu nata jirgin a 1964, wani kaso na kayan da ke zuwa Nguru daga gabas ya juya can. Raguwar tashar taku daga nan ta soma, tun kafin matsalolin da kowa ya sani.

Yanzu ga yadda irin wannan tasha ke aiki a zamanin jirgin kwal. Kan jirgi mai tururi ta gaba kaɗai ya iya gudu sosai, don haka in ya iso ƙarshen layi sai an cire shi daga taragai, an juya shi, an zubar da toka, an cika masa ruwa da kwal, direba da mai zuba wuta sun kwana. Kwal ɗin nan daga Enugu yake. Ka auna nisan: sai ya hau har Kafanchan da Kaduna da Zariya da Kano kafin ya iso. Wato reluwe na ɓata taragai wajen ɗauko wa kanta makamashi. Ga ruwa, a ƙasar da rijiya ke ja da baya da rani, kan jirgi kuwa yana sha kamar ba gobe. Shi ya sa da injinan dizal suka fara zuwa a tsakiyar shekarun 1950, can ƙuryar arewa aka fi jin sauƙinsu.

Kakar ciniki ita ce rayuwar tashar. Da an cire gyaɗa an ɓare, wajen watan Nuwamba, hanyoyin shiga gari kan cika da jakuna da raƙuma. 'Yan baranda ba su jira a kanti, can bayan gari suke tare manomi, a ba shi goro da ruwa, wani lokaci an riga an ba shi bashi tun da damina, a ja shi zuwa sikelin maigidansu. Manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da na Faransawa, da Kwarori, da attajiran Kano, su ke saye. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta karɓi ragamar farashi, masu saye suka koma wakilanta masu lasisi. Buhunan a jibge suke jiran tarago. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, a idon ma'aikacin reluwe shaidar gazawa ce: kaya ne da aka saya jirgi ya kasa kwashewa, wani lokaci har sabuwa ta tarar da ta bara. Layi ɗaya ne tak daga nan har tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, sama da kilomita 1,350, kuma tarago in ya tafi sai an yi makonni kafin ya dawo.

Ba gyaɗa kaɗai ba. Nguru na cikin manyan cibiyoyin tara ƙaro a ƙasar nan. Ga ƙirgi da fatun awaki, ga kanwa da gishirin Manga da ayari ke saukowa da su daga arewa, ga kifi banda daga fadamun Haɗeja da Nguru. Sai shanu, waɗanda lodinsu kallo ne. Ana kora su ta wani hawa zuwa cikin tarago, a jera su a matse, don saniyar da ta samu sarari ta kwanta sauran za su tattake ta. Makiyayi kan shiga tare da su da sandarsa, aikinsa kwana da kwanaki shi ne ya ta da wadda ta durƙusa. Suna isa Ibadan ko Legas a rame, amma duk da haka ya fi korar ƙafa ta wata biyu ta cikin ƙasar tsando. Wannan asarar ce ta raya sana'ar busasshen nama da Nguru ta yi suna a kai: a yanka a nan, a tafasa, a ƙyafe, a cusa a buhu, a aika Kudu, babu abin da zai mutu a hanya. Daga baya har mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi aka yi a garin. Taragan kuma ba su dawowa wayam. Goro daga ƙasar Yarbawa, gishiri, kananzir, atamfa, kwanon rufi, sukari, manja, duk ta nan suke shiga Borno ta arewa har su tsallaka iyaka.

To, ina fasinja a cikin wannan hidima? A ƙananan rassa irin na Nguru, abin da aka fi yi shi ne jirgin gamin gambiza: taragan mutane kaɗan, a haɗa su da taragan kaya, kai ɗaya ya ja. Wannan shi ne sirrin jinkirin da dattawa ke ba ka labari suna dariya. Ba gudun ne kaɗai ya yi kaɗan ba. A kowace tasha mai kaya sai an tsaya an yanke tarago an tura shi layin gefe, an ɗauko wani, mutane na zaune suna jira. Tafiyar da mota ke yi yau cikin sa'o'i kaɗan, wuni take ci.

Ga kuma dokar layi ɗaya. Jirage biyu ba za su shiga tsakanin tasha da tasha a lokaci guda ba, don haka direba ba ya tashi sai shugaban tasha ya yi magana da na gaba ta waya, an tabbatar hanya a buɗe take, an miƙa masa shaidar izini a hannu. Shaidar nan ɗaya ce ke fita a lokaci guda, in ya isa ya miƙa ta, a ba shi ta gaba. In jirgin gyaɗa ya taso daga can ɓangaren ya makara, naku zai zauna a layin gefe a Taura ko Gagarawa har ya zo ya wuce, ko awa nawa ne. Tsari ne mai cin rai, amma shi ya sa karo gaba da gaba ya yi wuya a dogon da ba shi da na'urar zamani ko ɗaya.

Aji uku ne a jirgin wancan zamani. Na ɗaya na Turawa ne da manyan ma'aikata, na biyu na akawuna da attajirai, na uku kuwa na kowa da kowa, bencin katako ne, kuma nan ne jirgin yake. Tikitin ɗan guntun kwali ne mai kauri, ana buga masa kwanan wata a taga, mai duba tikiti ya huda shi a hanya, a karɓe shi a ƙofar fita. Tagar ba ta buɗewa sai jirgi ya kusa tashi, sai ka ga turmutsutsu. Kayan da ya wuce ƙima sai an ɗora shi a sikeli an biya, kuma a nan ake yawan cacar baki, don a wurin bafatake buhu uku na busasshen kifi ai kayan hannu ne. Da jirgi ya tsaya a ƙaramar tasha, kafin ƙafafunsa su gama ƙara, 'yan talla sun kewaye tagogi: fura da nono, dafaffen ƙwai, rake, gyaɗa, soyayyen kifi. Ciniki ta taga ake yi, kuma mai wayo ba ya miƙa kuɗi sai kaya sun shigo hannunsa, ita ma mai tallar haka take lissafi. Maza su dira da buta a yi alwala a yi salla a gefen dogo, kunne na wajen usur ɗin gadin jirgi.

Su wa ke ciki? 'Yan cirani da ke gangarawa Kano da Kudu bayan girbi su dawo kafin shuka, malamai da almajiransu, fataken goro da na dabbobi, yaran da aka ɗauka makarantun Kano da Zariya, sojoji masu hutu, amare da 'yan rakiyarsu, da Yarbawa da Ibo da suka kafa zama a Sabon Gari. Wasiƙa ma a jirgin take zuwa. Mai doguwar tafiya a Kano yake sauka ya kama babban jirgin Legas, mai zuwa Gabas kuma ya canja a Kaduna ya bi ta Kafanchan. Ga mutumin Nguru na 1950, Legas ta fi Maiduguri sauƙin zuwa da damina, ko da yake Maiduguri ce hedikwatar lardinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa garin ya fuskanci Kano a ciniki da harshe da auratayya.

Kuɗin tikitin aji na uku bai taɓa isa ya riƙe layin ba. Abin da ke biyan leburorin gyaran dogo, da albashin tasha, da kwal, shi ne kuɗin dakon gyaɗa da shanu. Don haka in kana neman ranar da jirgin fasinja ya fara mutuwa, kada ka duba ranar da ya daina zuwa, duba lokacin da kaya suka bar dogo.

Abin ya zo ne a jere, babu sararin numfashi. A 1964 hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 a faɗin ƙasa. Bayan shekara goma adadin bai kai rabin haka ba. Rikicin 1966 ya kori ɗimbin ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas daga tashoshin Arewa, direbobi da makanikai da masu kula da tasha, waɗanda ba a maye gurbinsu a dare ɗaya. Yaƙin basasa ya yanke layin Gabas da kwal ɗin Enugu. Fari na 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki, kuma yankinku na cikin inda ya fi tsanani. A 1975 cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta gama da abin da ya saura, manoma da yawa suka koma gero da wake. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, mai ya yi araha, manyan motoci suka cika ƙasa. Dillalin shanu ya ga tirela za ta kai masa dabba Legas cikin kwana biyu, daga kara zuwa kara, ba jiran tarago, ba roƙon akawu. Bai sake waiwayar tasha ba, kuma ni ban ga laifinsa ba.

A 1979 gwamnati ta ɗauko Indiyawa su gudanar da hukumar na 'yan shekaru. Jirage suka riƙa tashi a kan lokaci, mutane suka dawo, har adadin fasinja a farkon shekarun 1980 ya zarce na 1964. Amma kaya ba su dawo yadda suke ba, kuma jirgi cike da mutane masu arahar tikiti asara yake ƙarawa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 hukumar ta durƙushe, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, aka yi ta sallamar ma'aikata, 'yan fansho suka shiga wani hali. A 1986 an rushe hukumomin cinikin amfanin gona, wato babban abokin cinikin da ke tara kaya wuri guda ya ba jirgi ya tafi. A irin wannan yanayi rassa ake fara yasarwa, don duk kan jirgin da ke da rai babban layi ake kai shi. Kwangilar da gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na China a 1995 ta kawo sababbin kawuna da taragai da ɗan gyara, amma ba ta canja lissafin ba.

An sake gwadawa. A watan Disamba na 2012 aka dawo da jirgin Legas zuwa Kano bayan gyaran layin, kuma a shekarun da suka biyo akwai jirgin Kano zuwa Nguru sau biyu a mako. Ka lura da waɗanda suka fi shigarsa: ƙananan 'yan kasuwa masu buhuna, waɗanda kuɗin mota ke cinye musu riba, da mutanen ƙauyukan da dogo ya fi kwalta kusa da su. Wato ko a dawowarsa, kaya ne suka cika shi. A watan Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da jiragen fasinja a ƙasar baki ɗaya, kuma tun daga nan zirga-zirga a tsohon layi ta zama yau akwai gobe babu. In wani ya ce maka jirgi na tashi rana kaza, kada ka ɗaure kaya sai ka je tashar Kano ko ta Nguru ka ji daga bakin ma'aikaci a makon da za ka yi tafiyar.

Dalilan yankewar ba ɓoyayyu ba ne. Layin a kan rairayi yake, kusa da fadama, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi na iya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya bar ƙarfe a rataye. Da can kowane yanki na da helma da leburorinsa masu bin dogo a ƙafa kullum, su share magudanar ruwa, su ɗaure abin da ya kwance. Wannan aiki ne mara kwarjini, ba a yanka masa kintinkiri, kuma shi aka fara zubarwa. Dogon da jirgi ba ya bi kuma ɓarayin ƙarfe ke bi, sannan masu gini su matso.

Sauran tambayarka: zai dawo? A nan sai ka san wani abu game da faɗin dogo. Tsohon layi, har da naku, faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. Sababbin layukan da ake yi, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, da na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, duk milimita 1,435 ne. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Na Maraɗin ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya bi, da reshe zuwa Dutse. Bai shafi Nguru ba. Idan babban layi ya koma sabon faɗi aka bar tsohon ya lalace, reshen Nguru zai zama maraya: duk abin da ya ɗauko sai an sauke a Kano an sake lodawa, kuma wannan sauke-lodin shi ne ainihin abin da ke kora ɗan kasuwa wajen tirela.

Duk da haka ban cire rai ba, don kayan suna nan, sun dai canja. Riɗi da zoɓorodon Jigawa ƙasashen waje ake kai su. Ƙaro na nan. Shinkafa da tattasai da albasar fadama na nan. Kasuwar dabbobi ta Maigatari ba ta da nisa da Gagarawa, ga taku ta Nguru. Kuɗin man dizal kuma ya sa dakon tirela ba arahar da aka sani ba ne. Abin da babu shi ne mai tara kayan wuri ɗaya ya ce wa reluwe ga tarago ashirin kowane mako, da kuma tabbacin cewa taragon zai isa ranar da aka ce. In aka samu waɗannan biyu, ƙara taragan mutane biyu ko uku a bayan jirgin ba wani abu ba ne. In kuwa aka fara da jirgin fasinja shi kaɗai, da fenti da bikin buɗewa, zai yi 'yan watanni ya tsaya a karo na farko da kan jirgi ya lalace ko ruwa ya ci gada, kamar yadda aka sha gani.

Wata ƙofa ta buɗe a watan Maris na 2023, da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, wadda a da ta tarayya ce kaɗai. Layin Nguru jihohi uku ya ratsa, Kano da Jigawa da Yobe, kuma mafi tsawonsa a Jigawa yake. Yobe ita kaɗai ba za ta iya ba, don 'yan kilomitocin ƙarshe kawai ke cikinta. Saboda haka in ku matasan garin za ku matsa wa wakilanku, ku nemi mutanen Birniwa da Malam Madori da Gagarawa da Ringim ku tafi tare, kuma abin da za ku fara nema shi ne a hana gini a filin tasha da gefen layi, a dawo da leburorin gyaran dogo kafin damina.